Auna Rezonans na Nukiliya: Yadda Ake Bin Sawun Fashewar Taurari Daga Ɗakin Gwaji

A shekarar 2024 kafofin labarai da dama sun yi ta shelar cewa wani tauraro mai suna T Coronae Borealis na dab da fashewa, har ma za a iya ganinsa da ido ba tare da na'ura ba. Tushen hasashen shi ne ya taɓa yin irin wannan fashewa a 1866 da kuma 1946, tazarar shekara 80 ke nan. Shekarar ta ƙare bai fashe ba. A gefe guda kuma, jefi-jefi akan ci karo da wani kanun labarin: masana a wata cibiyar bincike sun auna wani aikin nukiliya da ke gudana a lokacin fashewar taurari, sun gano ya ninka yadda ake zato sau goma, ko kuma bai kai rabinsa ba.

Dole mai karatu ya yi tambaya. Tauraron da haskensa ke shafe shekara kusan 3,000 kafin ya iso duniya, ta yaya mutum zai auna abin da ke cikinsa alhali yana ɗakin gwaji? Kuma in har adadi zai iya sauyawa sau goma daga wannan gwaji zuwa wancan, a kan me aka dogara tun farko? Amsar tambayoyin biyu tana rataye ne a wuyan kalma ɗaya, wato rezonans.

## Kalmomin da sai an fahimce su tukuna

Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. A tsakiyar kowace zarra akwai cibiya mai ɗauke da ƙwayoyi iri biyu, furoton da nutron. Yawan furoton ne ke tantance sinadari: ɗaya haidurojin ne, 6 kabon, 8 oksijin, 26 ƙarfe. Yawan nutron kuwa yakan bambanta a cikin sinadari guda, kuma kowane nau'i ana ce masa aisotof, ana rubuta shi da jimillar ƙwayoyin cibiyarsa. Sodiyom-23 mai ɗorewa ne. Sodiyom-21 kuwa, cikin sakan 22 da rabi, rabinsa ya rikiɗe ya zama niyon. Wannan lokaci shi ake kira rabin rayuwa.

Kafin sabon sinadari ya samu, sai cibiyoyi biyu sun haɗu. Matsalar ita ce dukansu cajin lantarki iri ɗaya suke ɗauke da shi, don haka ture juna suke yi, kuma turin na ƙaruwa gwargwadon kusantarsu. Zafin tsakiyar rana ya kai digiri miliyan 15, amma duk da haka kuzarin da furoton ke gudu da shi a can bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da zai haye wannan katanga ba. A 1928 George Gamow ya nuna cewa a duniyar ƙananan ƙwayoyi, wani lokaci ƙwaya kan ratsa katangar ba tare da ta haye ta ba, sai dai da kyar, kuma can ba a rasa ba. Ƙwayoyi masu ƙaramin kuzari suna da yawa amma ba sa ratsawa. Masu babban kuzari suna ratsawa amma ba su da yawa. Tsakanin biyun akwai ɗan tsukin kuzari inda mafi yawan haɗuwar ke faruwa, shi ne masana ke kira tagar Gamow. Ma'aunin kuzarin da ake amfani da shi a wannan fage shi ne keV, kuma a fashewar da ake kira noba tagar tana faɗawa ne tsakanin keV 100 da 400 ko kusa da haka.

To, cibiyar zarra ba ta karɓar kowane adadin kuzari. Tana da matakai ƙayyadaddu kamar na tsani, babu tsayuwa tsakanin mataki da mataki. Idan furoton ya iso da kuzarin da ya yi daidai da wani mataki na cibiyar da za a haifa, yiwuwar haɗuwa takan yi tsalle, ta ninka sau dubbai ko ma miliyoyi. Wannan dacewa ita ce rezonans. Mai murɗa rediyo ya san kwatankwacinta: shuuu kawai ake ji har sai an zo daidai kan tasha, sai murya ta fito tar, da an gota kaɗan ta ɓace. Masu bincike suna neman inda tashar take, wato kuzarin rezonans. Suna neman ƙarfin muryarta, wato ƙarfin rezonans. Suna kuma neman faɗinta.

Kuskure kaɗan a na farkon yana da tsada. A zafin digiri miliyan 100, idan aka yi kuskuren keV 10 kacal wajen ajiye siririn rezonans, saurin aikin da za a lissafa zai kauce da ninki uku. A zafin miliyan 200 kaucewar ta kusa ninki biyu. Daga nan ne kanun labarai masu cewa "sau goma" suke samo asali, musamman idan an gano sabon rezonans da ba a san da shi ba a cikin tagar.

## Hasashen da ya buɗe fagen

A farkon shekarun 1950 masana sun maƙale a kan tambayar inda kabon ya fito. An san taurari na mayar da haidurojin hiliyom. Amma idan hiliyom biyu suka haɗu, beriliyom-8 ake samu, shi kuma ba ya kai kashi ɗaya cikin tiriliyan dubu na sakan sai ya tarwatse. Edwin Salpeter ya nuna a 1952 cewa hiliyom na uku zai iya riskarsa kafin ya watse, a samu kabon-12, sai dai lissafin bai ba da kabon mai yawan da ake gani a sararin samaniya ba.

Fred Hoyle, masani ɗan Birtaniya, ya juya tambayar. Tunda kabon ga shi nan jingim, in ji hujjarsa, lallai akwai wani mataki a cibiyar kabon-12 kusa da keV 7,700 da ke hanzarta aikin. A 1953 ya kai maganar ɗakin gwaji na Kellogg da ke Caltech a Amurka, inda Ward Whaling da abokan aikinsa suka duba, suka kuma sami matakin. A yau an san yana kan keV 7,654. Bayan shekara huɗu, a 1957, Hoyle da William Fowler da Margaret Burbidge da Geoffrey Burbidge suka fitar da doguwar maƙalar da ta zayyana hanyoyin da taurari ke ƙera sinadarai, yayin da Alastair Cameron ya kai ga irin wannan sakamako shi kaɗai a Kanada. Fowler ya sami kyautar Nobel a 1983. Tun daga lokacin tsarin aikin bai sauya ba: mai nazarin taurari ya faɗi zafi da cunkoson wurin, mai nazarin nukiliya ya kwaikwayi karon ƙwayoyin a ƙasa, a zuba adadin cikin kwamfuta, sannan a gwada sakamakon da abin da na'urorin hangen nesa ke gani.

## Fashewar ba iri ɗaya ba ce

Noba, irin wadda ake jira daga T Coronae Borealis, tana faruwa ne a taurari biyu masu kewaya juna. Ɗayan tsohon tauraro ne da ya ƙone ya dunƙule, girmansa kamar na duniyarmu amma nauyinsa kamar na rana, ana ce masa farin wada. Yana zuƙo haidurojin daga abokin tafiyarsa, gas ɗin ya taru a bayansa, ya matse, ya yi zafi, har ya kama da wutar nukiliya a lokaci guda. Zafin yakan kai digiri miliyan 100 zuwa 400. Tauraron ba ya hallaka, shi ya sa abin ke maimaituwa. Ana ƙiyasta gommai na irin wannan fashewa a kowace shekara a cikin rukunin taurarinmu.

Idan mai zuƙowar tauraron nutron ne, wato dunƙulalliyar cibiyar mataccen babban tauraro wadda faɗinta bai wuce kilomita 20 da ɗoriya ba, zafin yakan haura digiri biliyan ɗaya, fashewar ta fito a matsayin walƙiyar hasken X na 'yan sakanni ko mintuna, kuma ta dawo bayan sa'o'i ko kwanaki. Sufanoba kuwa ita ce babba, wadda ke tarwatsa tauraro. Wadda ta bayyana a shekarar 1006 ta yi hasken da likitan Masar Ali ibn Ridwan ya rubuta bayaninta, kamar yadda masu duban sama na Sin suka yi. Wadda aka gani a 1987 a wani ƙaramin rukunin taurari maƙwabcin namu ita ce aka fi nazarta da kayan zamani.

Abin da ya haɗa su duka shi ne sauri. A cikin rana, aisotof marar ɗorewa yana da lokacin da zai rikiɗe kafin wani abu ya same shi. A fashewa kuwa, kafin ya rikiɗe wani furoton ya riga ya faɗa masa. Saboda haka ayyukan da suka fi muhimmanci suna gudana ne a kan cibiyoyin da ba su wanzu a doron ƙasa, masu rayuwar mintuna ko sakanni.

## Auna kai tsaye, da cikas biyu da ke gabansa

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a harba furoton da injin hanzarta ƙwayoyi zuwa kan sinadarin da ake so, a daidai kuzarin tagar Gamow, a ƙirga hasken gama, wani haske mai tsananin kuzari da ido ba ya gani, da ke fita duk lokacin da haɗuwa ta auku. Cikas na farko shi ne ƙarancin haɗuwar. Ƙwayoyin da ke zubowa duniya daga sararin samaniya dare da rana suna sa na'urar ƙirge ta yi ta motsi, su binne ɗan abin da ake nema. Maganin da aka samo shi ne a shige ƙarƙashin dutse. A Gran Sasso da ke Italiya, ƙarƙashin dutse mai kaurin mita 1,400, ƙungiyar LUNA ta kafa injinta tun shekarun 1990, inda dutsen ke rage miyon, wani nau'in waɗannan ƙwayoyi masu ratsowa, sau miliyan. A wani gwajinsu na haɗuwar hiliyom-3, a mafi ƙarancin kuzari, haɗuwa kimanin biyu suke gani a wata.

Haƙurin ya biya. A 2004 suka gano cewa haɗuwar naitirojin-14 da furoton ba ta kai saurin da ake amfani da shi ba, kusan rabi ce, abin da ya ƙara wa ƙiyasin shekarun tsofaffin gungun taurari shekara miliyan 700 zuwa biliyan ɗaya. A 2015 suka ga rezonans uku a haɗuwar niyon-22 da furoton, a keV 156 da 189 da 260, waɗanda ba a taɓa gani kai tsaye ba, saurin aikin ya ninka fiye da sau goma a wani tsukin zafi. Ƙasar Sin ta bi sahu da JUNA a Jinping ta lardin Sichuan, ƙarƙashin dutse mai mita 2,400, kuma a 2022 masananta suka ba da rahoton wani rezonans a keV 225 a haɗuwar fulorin-19 da furoton, wanda zai iya bayyana asalin kalsiyom da ake gani a taurari mafi tsufa. Amurka ma tana da CASPAR a wata tsohuwar mahaƙar zinariya a Dakota ta Kudu.

Cikas na biyu ya fi wuya. Ba a iya yin farantin da za a harba wa furoton da sinadarin da zai ɓace cikin sakan 22. Sai aka juya tsarin: a ƙera aisotof ɗin nan take, a mayar da shi harsashi, a harba shi cikin gas na haidurojin. A cibiyar TRIUMF da ke Bankuba a Kanada, na'urar DRAGON mai tsawon kusan mita 21 tana amfani da maganaɗisu da filin lantarki wajen tsamo 'yan cibiyoyin da suka haɗu daga cikin biliyoyin da suka wuce ba su haɗu da komai ba.

Gwajinta na sodiyom-21 a 2003 misali ne mai koyarwa. Lissafin da ake da shi ya ajiye rezonans ɗin a keV 212, amma aka same shi a kusan 206. Da aka bi diddigi, sai ta bayyana cewa nauyin cibiyar magnisiyom-22 da ke cikin teburan masana ne ke da kuskure, aka sake auna shi aka gyara. Sakamakon ya kuma zo da abin da ba kowa zai zata ba. Aikin yana kan hanyar samar da sodiyom-22 ne, kuma ya fi yadda ake zato sauri, amma abin da lissafin noba ya nuna shi ne raguwar sodiyom-22 da ke fita. Dalili kuwa, yana samuwa da wuri tun wurin na da zafi, sai wani furoton ya cinye shi kafin fashewar ta watso shi waje. Saurin aiki ɗaya shi kaɗai ba ya faɗin abin da zai rage a ƙarshe, sai an bi dukan sarƙar.

## Hanyar zagaye

Akwai ayyukan da har yau babu injin da ke samar da harsashi mai yawan da zai isa a auna su kai tsaye. Haɗuwar oksijin-15 da hiliyom, wadda ake ganin tana cikin ƙofofin da ke kunna walƙiyar hasken X, tana cikinsu. Haka haɗuwar fosforas-30 da furoton, wadda ta zama maƙogwaron da duk sinadarai masu nauyi a noba suke bi. A irin wannan hali masana kan zagaya. Sukan samar da cibiyar da ake nema ta wata hanya mai sauƙi, su lissafa matakanta, su auna tsawon rayuwar kowane mataki da yadda yake rushewa, sannan su haɗa ƙarfin rezonans daga waɗannan gutsattsari. Na'urori irin K600 ta cibiyar iThemba da ke kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu suna cikin masu wannan aikin zana matakai.

Amfanin sanin adadin fosforas-30 ya kai har ga duwatsun da ke faɗowa daga sama. Tun 1987 ake tsamo ƙananan ƙwayoyin ƙura daga cikinsu waɗanda suka girmi rana, kuma kaɗan daga ciki suna da silikon-30, abin da fosforas-30 ke rikiɗewa ya zama, fiye da kima. Ko daga noba suka fito ko daga sufanoba, hukuncin ya dogara a wani ɓangare kan saurin wannan aiki guda.

## Inda masana suka rabu

Saɓani mafi zafi a shekarun nan ya taso ne a kan haɗuwar kabon-12 da kabon-12, wadda ke da hannu wajen tantance nauyin da tauraro zai kai kafin ya ƙare da sufanoba, da kuma yadda farin wada ke kamawa da wuta gaba ɗayansa. A 2018 wata ƙungiya a Kataniya ta Italiya, ƙarƙashin Aurora Tumino, ta wallafa sakamako a mujallar Nature. Sun yi amfani da dabarar da ake kira Dokin Troy, sunan da aka aro daga tsohon labarin Girkawa na mayaƙan da aka ɓoye cikin dokin katako. An ɓoye kabon a cikin cibiyar naitirojin-14 mai gudu, ta shigar da shi ta katangar lantarki, sannan ya haɗu da ɗan'uwansa da ƙaramin kuzari. Sun ba da rahoton jerin rezonans da ke ninka saurin aikin fiye da sau 25 a zafin digiri miliyan 500.

Shekara guda bayan haka Akram Mukhamedzhanov da abokan aikinsa suka ƙalubalanci lissafin. Hujjarsu ita ce an raina tasirin turin lantarki tsakanin ƙwayoyin da ke fita, kuma idan aka saka shi yadda ya kamata adadin zai sauko ƙasa sosai. Akwai kuma ra'ayi na uku da ya girmi duka biyun, na masana a Argonne ta Amurka, cewa haɗuwar manyan cibiyoyi tana raguwa fiye da zato idan kuzari ya yi ƙasa ƙwarai. Gwaje-gwajen kai tsaye da aka wallafa a 2020, na STELLA a Faransa da na jami'ar Notre Dame a Amurka, sun matso kusa amma ba su sauka zuwa tsakiyar tagar ba.

Kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Masu hanyar zagaye suna cewa su kaɗai ne ke iya leƙa kuzarin da taurari ke aiki da shi, kuma wuraren rezonans da suka gano suna nan ko da an yi gardama kan ƙarfinsu. Masu sukar suna cewa duk adadin da sai ya ratsa ta cikin nazariyya kafin ya fito, ingancinsa bai wuce na nazariyyar ba. Masu auna kai tsaye ba su da wannan matsala, amma su ma tilas su miƙa layin sakamakonsu zuwa inda ba su auna ba, kuma rezonans ɗaya da ya ɓuya a can zai iya rushe hasashen. Abin da ya fi kusa da raba gardamar shi ne sabon injin Gran Sasso mai ƙarfin bolt miliyan 3.5, wanda haɗuwar kabon da kabon ke cikin ayyukan da aka tsara masa.

Akwai makamancin wannan a haɗuwar kabon-12 da hiliyom, wadda ke tsara yawan kabon da oksijin a sararin samaniya. A nan matakan da ke da tasiri suna ƙasa kaɗan da inda aikin ke farawa, gefensu ne kawai ke leƙowa cikin tagar. Bayan da na'urorin LIGO da Virgo, masu jin girgizar sararin samaniya, suka kama karon baƙaƙen ramuka biyu, wato irin ragowar da manyan taurari kan bari idan sun mutu, a watan Mayun 2019, ɗaya mai nauyin rana kusan 85, nauyin da lissafi ya ce da wuya tauraro ya bar shi, sai masana suka koma kan wannan adadi, domin sauya shi yana matsar da iyakar nauyin ramin da tauraro zai iya bari.

## Abin da ya shafi sauran jama'a

Ta fuskar tsaro, fashewar T Coronae Borealis ba ta da wata barazana ga duniya. Za ta bayyana ne kamar tauraro mai matsakaicin haske na 'yan kwanaki, sannan ta dushe. Gwaje-gwajen kuma ba su da alaƙa da haɗa makami, domin adadin ƙwayoyin da ake sarrafawa bai kai abin da ido zai gani ba.

Ta fuskar kuɗi, aikin yana da tsada kuma daga baitulmalin ƙasashe ake biya. Cibiyar FRIB da aka buɗe a jami'ar jihar Michigan a watan Mayun 2022 ta ci dala miliyan 730, ana kuma gina FAIR a Darmstadt ta Jamus. Masu goyon baya suna nuni da cewa irin waɗannan injuna da ma'aikatan da suke horarwa su ne ke samar da aisotof na asibiti. Fulorin-18, mai rabin rayuwa na minti 110, wanda rezonans ɗinsa ke tantance hasken gama na sa'o'in farko na noba, shi ne dai ake yi wa majiyyaci allurarsa a hoton PET don gano ciwon daji. Masu ɗari-ɗari kuma suna cewa asibiti ƙaramin inji yake buƙata, bai kamata a jingina hujjar babban gini a kansa ba. Gaskiyar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita ita ce, ainihin ribar binciken ilimi ne: sanin inda kalsiyom na ƙashi da ƙarfen jini da litiyom na batir suka samo asali. Game da litiyom, an sami shaida a nobar da ta bayyana a 2013, inda na'urar Subaru ta Japan ta hango beriliyom-7, wanda ke rikiɗewa ya zama litiyom.

Ga mai bin labarai, tambayoyin da suka fi amfani idan ya ga kanun "sau goma" su ne ko kai tsaye aka auna ko ta zagaye, a wane zafi ne ninkin ya shafa, kuma ko wata cibiya ta daban ta maimaita gwajin.

Hukunci na ƙarshe yana sama. An riga an ga hasken gama na alminiyom-26, mai kuzarin keV 1,809, ya bazu a rukunin taurarinmu tun farkon shekarun 1980, an kuma ga na titaniyom-44 a ragowar sufanobar Cassiopeia A. Na sodiyom-22, mai kuzarin keV 1,275, wanda lissafi ya ce noba na fitarwa kuma rabin rayuwarsa shekara 2.6 ne, shi ne ake ta farauta shekaru da dama. Hukumar NASA ta tsara harba na'urar COSI a 2027, kuma wannan haske yana cikin abubuwan da za ta nema. Nisan da noba za ta kasance kafin na'urar ta iya kama shi ya dogara ne kan yawan sodiyom-22 da ta watso, shi kuma yawan ya dogara kan rezonans irin wanda aka matsar daga keV 212 zuwa 206 a Bankuba.